Dussar Hajo

Bana ruwa ya zo da wuri ya ruɗe mu. Aka yi mamako guda mai kyau, duk ƙauyukan gabas da Kore Mairuwa suka fita da sungumi, muka zuba iri, hatsi ya tsiro har ya fara rufe ramukansa. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari yakan taso ya yi baƙi, iska ta kaɗa ganyen kaba, mata su ruga kwashe shanya, sai kuma ya watse kamar kasuwar da aka kora. Ganyen hatsi ya nannaɗe ya koma kamar tsinke. Ni dai na kasa zama. In na zauna a zaure sai in miƙe in tafi bakin gona, in tona ƙasa da yatsa in ga inda laima ta tsaya, in dawo, in zauna, in sake miƙewa.

A irin wannan dawowar ce na tarar da takalmin matata Hajo, ƙafa ɗaya, yashe a gindin rumbu. Ita tana can madafa tana yanka kuɓewa. Tsakanin rumbu da madafa, a kan rairayi, ga ɗigon jini a jere.

"Hajo, ina takalminki?"

"Ga shi ga ƙafata."

"Gudan nike tambaya."

Ta sunkuya ta duba. Ta ajiye wuƙar.

Jikarmu Rakiya, ɗiyar ɗanmu Sani, ta zo hutu daga jami'a a Yamai. Ita ta durƙusa ta ɗaga ƙafar. Ƙayar aduwa ce ta shige tafin ƙafar hagu har ta karye a ciki, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Ba ta yau ba ce. Hajo ta yi kwanaki tana takawa a kanta, ba ta sani ba.

Jinin bai tayar mini da hankali kamar takalmin ba. Na taɓa tsintar takalmin matar nan a yashe, shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Shekarar da nake nufi ba ita ce ta fari da ruwa ya ƙi sauka ba, wadda ta biyo bayanta ce. Yara na yanzu ba su san bambancin ba. Shekarar fari kana da ɗan saura a rumbu, kana da dabbar da za ka kai kasuwa. Mai bi mata ita ce muguwa. Ruwa ya sauka, daji ya yi kore shar, ciyawa na tsere da hatsi, aiki ya kai wuya, rumbu kuwa ko ɓera ya ƙaura.

Baba ya rasu da sanyin shekarar, gandu ya faɗo kaina ina da sauran ƙuruciya. A gidan akwai Inna mahaifiyata, da ƙanena Arzika, da Hajo tana goyon Sani, da 'yarmu ta fari da ba ta fi ƙarfin tallabar ƙwarya ba. Dabbobin Baba duk sun tafi, wasu kasuwa, wasu cikin ungulu. Saura tunkiya guda, fara fat, mai dogayen ƙafafu, ga ta da ciki. In na dube ta ba tunkiya nake gani ba, garken da Baba ya rasa nake gani yana dawowa.

Abincin shekarar anza ce. Mata su fita da sassafe su hau tudu inda ƙasa take fako, su tsinko 'ya'yanta, a shanya, a ɓare, a jiƙa cikin ruwa ana zubarwa ana sakewa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu. Ba ya fita duka. Har yau in na tuna sai in ji shi a bayan harshena. Duk bayan darnin garin warin ruwan anza yake, wani irin tsami mai kama hanci. Tana cika ciki, amma ba ta riƙe gwiwa. Ka ci ka ƙoshi, ka miƙe ka ji jiri.

Hatsi kuwa sai tiya-tiya, da ɗan abin da Arzika ya samo a cin rani wajen Kamba. Dokar kowane gida a lokacin guda ce: hauya ke fara ci. Wanda zai duƙa a kunya tun hantsi har azahar shi ake dama wa fura. Ba mugunta ba ce. In mai noma ya faɗi, ciyawa ta cinye hatsi, baɗi ma yunwa. Mata da tsofaffi su yi da anza, da tafasa, da yaɗiya. Haka muka taras, haka kowa ya yi.

Amma akwai abin da ba kowa ya yi ba. A al'adarmu dussa ta mai daka ce. Mace ta surfa hatsi ta bakace, dussar da ta fita tata ce, da ƙasarin, wato farin ruwan da aka wanke surfen da shi. Ta ba akuyarta, ta sayar, ta kyautar, miji ba ya tambaya. A shekarar nan matan garinmu sun daina ba dabba. Suna mayar da dussa tukunya su cuɗa da ganye, ƙasarin kuma su dama kunu da shi. Ni kuwa tun bazara, da na ga haƙarƙarin tunkiya sun fara ƙirguwa, na tsaya a bakin turmi.

"Hajo, dussar ga, ki taimaka ma tunkiyar Baba da ita."

Ta dube ni, ta dubi tunkiyar. "Ai tata ce," ta ce, ta ci gaba da bakace.

Ban ƙwace ba, roƙo na yi. Na daɗe ina fakewa da wannan. Damina ta sauka, aka ɗaure dabbobi saboda shuka, dussa ta ci gaba da tafiya turke, ban ce a daina ba.

Yinin Hajo kuwa ga yadda yake. Ta tashi ta yi surfe, ta je rijiya, ta sake wa anza ruwa, ta dama fura, ta ɗora ƙwarya a ka, Sani a baya, ta kama hanyar gonar gandu wadda ke can bayan babban gawo. Ta jira mu sha, ta ɗauki ƙwaryar, ta biya ta tudu ta tsinko anzar gobe. Duk inda ta zauna Sani na manne da nono. Ruwa a shekarar nan kamar da gayya yake sauka. Zafi ya dafa mutum da rana, tufa ta manne a baya, ƙasa na tururi, can da yamma a tsuge. Hatsi ya yi kyan da ban taɓa gani ba, ganye faɗi-faɗi, muna tsaye a cikinsa cikinmu na kuka.

Da farko ta ce tururuwa na yawo a tafin ƙafarta. Daga baya ta ce kamar ta taka toka mai wuta. Sai kuma ta daina cewa komai. Tafiyarta ce ta sake. Takan ɗaga gwiwa sama ta jefa ƙafa, kamar mai tsallake kwata. Arzika, da yake abokin wasanta ne, in ya hango ta sai ya dogara da hauya.

"Ga matarmu nan ta shiga soja. Wa ya koya miki fareti?"

"Wanda ya koya maka noma a tsaye," ta ce. Muka yi dariya, muka karɓi ƙwarya.

Wata rana da yamma, muna komawa gida, na ga takalmi ƙafa ɗaya a kan turba, daidai ƙarƙashin gawon nan. Irin na taya ne, ni na saya mata. Na ɗauka na kai gida. Na same ta tana hura wuta, ƙafa ɗaya ba takalmi, tafin cike da tsidau kamar an yi masa ado. Tun daga gawo har gida ta taka, ba ta ji ba.

Inna na jin sunan gawo ta dafe ƙirji. Kowa ya san itacen nan mazaunin Doguwa ne, iskar da ke shanye wa mutum hannu ko ƙafa, ga shi Hajo na bi ta ƙarƙashinsa kullum da rana tsaka. Ta aika aka kira Kulu, tsohuwar 'yar bori ta unguwarmu. Babu goge, babu kiɗan ƙwarya, makaɗan duk sun tafi neman abin kai wa baki. Kulu ta zo ita kaɗai da sanda, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta matsa sha-raɓar Hajo, Hajo ta yi ƙara. Ta mintsini babban yatsa, shiru. Ta zauna ta rufe kai da zane, jikinta na rawa, ta daɗe. Daga turke ana jin tunkiya na zuƙar ƙasari a ƙwarya. Can Kulu ta yi atishawa ta buɗe kai.

"Doguwa Fara ce. Farar tunkiya take so. A yanka, mai ciwo ta ci hanta da zuciya, ta sha romo. Cinya guda ta masu iska ce."

A duk garin farar tunkiya guda ce ta rage, kowa ya san gidan da take.

Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida a Dutsi, abin da ba kowa ya yi ba a tsarana, kuma ina ji da shi. Na ce, "Inna Kulu, mushe, malaminmu na lakwal, ya gwada muna hoton jikin mutum tun daga kai har ƙafa, ban ga Doguwa ciki ba."

"Ai ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto."

"To a ba ta kaza."

"Ɗan lakwal, kazar tana ina?"

Babu kaza ko ɗaya a unguwar, ita ma ta sani. Ta ɗauki sandarta ta fita. Na ce wa Inna da mun gama noman fari zan kai Hajo likita a Dutsi. Noman fari ya ƙare, ciyawa ta sake tasowa, muka shiga maimai. Kullum ina cewa jibi. Cikin tunkiya kuwa ya sauko, nononta ya fara cika. Ina ta lissafi a raina cewa in ta haihu ai ga madara, Hajo ma ta samu. Ba na iya kallon matar in tana tafiya, ba na iya kallon turke, sai in ɗauki hauya in fita tun kafin Arzika ya tashi.

Ranar da abin ya ƙare, rana ta take, fura ba ta zo ba. Mu duƙa mu ɗago mu dubi turba. Makogwaro ya bushe, idona na ganin duhu-duhu. Na jefar da hauya na kama hanya da fushi, ina shirya maganar da zan faɗa mata. Ban kai gawo ba na same ta zaune a tsakiyar turba, ƙafafu a miƙe. Ƙwarya ta rabe biyu, fura ta shige rairayi, tururuwa sun taru. Sani na tsala kuka a bayanta. Ita kuwa ta ɗauki sakaina tana kankare saman rairayin, wai ko za ta tsirar da gudajin.

"Malam, ƙafafun sun ƙiya," ta ce. "Ka yi haƙuri da hurar."

Mutane na cikin gonakinsu hagu da dama. Na ji kunyar a ga na ɗauki matata. Na je na aro jaki, matan da ke kusa suka ɗora ta. A gida Inna ce ta zauna da allura tana cire mata ƙayoyi. Ni ina zaure.

Kashegari da hantsi na kwance tunkiyar. Da sunan Allah na yanka, ban ambaci Doguwa ba, kuma ba don na gane wani abu na yanka ba. Na rasa abin yi ne. Da muka farke cikin muka tarar da 'ya'ya biyu, har sun yi gashi. Arzika ya juya baya. Na sara ƙashin baya, lakar ta fito fara sol kamar kindirmo, na tsaya ina kallonta don kada in kalli ƙasa. Kulu ba ta jira aike ba, ta zo da kanta ta karɓi cinyarta.

Hajo ta ci hanta, ta sha romo. Inna ta yanyanka sauran ta shanya, tana jefa mata tsoka ɗaya-ɗaya a miya. Dussa kuwa ta rasa mai ci, ta koma tukunya. Ƙasari ya koma kunu. Sai ganyen wake ya samu, sai ɗanyen wake, sai tumu, muka gasa zangarniyar fari muna murzawa da zafinta muna watsawa a baki. Abin da ya fara dawo wa Hajo zafi ne. Takan riƙe ƙafa tana hawaye, Inna na cewa, "Yi kukanki, ɗiyata, gara wadda ke ciwo da wadda ta yi shiru." Da aka fara yankan hatsi tana tsayawa in ta dafa darni. Da sanyi ya shigo ta kai rijiya da ƙaramin tulu. Babban yatsan hagu da gefen tafin ne ba su dawo ba har yau. Mun cika rumbu a shekarar har muka gina wani. Tumaki kuwa na daɗe ban sake mallaka ba.

Wannan ne ya dawo mini a tsakar gida, da takalmi a hannuna, Rakiya na durƙushe tana cewa gobe-goben nan sai Dutsi. Wannan karon ban ce jibi ba.

A asibiti aka tsaga wurin aka fitar da ƙayar, aka wanke, aka naɗe. Aka auna jininta aka ce suga ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin ƙafar. Lokotoron da ya duba ta bai ɓoye mana ba. Ya ce in aka tsare ciwon zai warke, in aka bari ya yi baƙi sai a yanke ƙafar. Kullum a wanke, a tsane, a duba tafi da tsakanin yatsu, ko ƙwarzane aka gani a dawo.

Muka sauka gidan Sani mu jira rana ta yi sanyi. Sani yanzu ɗan kasuwa ne, yana sayar da kayan salula, ga gemu, ga wando iya ƙwauri, mutum ne mai tsare addininsa. Ya ce uwarsa ta zauna wurinsa a gari. Ta ce ita da kuɓewarta da gujiyarta ba mai raba su da damina, kuma a gari ko numfashi sai an saya. Ni kuwa bakina ya ƙi shiru, na ɗauko labarin wancan takalmin, da Kulu, da tunkiya.

Sani ya ɓata fuska. "Baba, a bar tuna wanga abu. Shirka ce, Allah shi gafarta ma waɗanda sunka yi."

"Shirkar ai ka sha ta ga nono," in ji Hajo. "Ga ka nan da gemu har ƙirji."

Rakiya ta yi dariya har ta ƙware. Ita ilimin halittu take karantawa, kuma aikinta, in ji ta, fara take fiɗa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Nakan tsokane ta in ce mu muna soya su da yaji, ita gwamnati na biya mata karatu ta yi musu fiɗa. Ta jawo wata igiyar cajin salula da fatarta ta tsage, ta ɗora a gwiwata.

"Tsoho, duba nan. Jijiyar da ke kai labari daga yatsa zuwa kai kamar wayar ga take, doguwa, siririya. Amma ba ta iya zama ita ɗaya. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kewaye da ita, a lakwal muna ce musu giliya. Wasu naɗe ta suke da kitse, falle bisa falle, don saƙo ya yi gudu kada ya zube a hanya. Ka san farin laka?"

Na ce na san shi.

"To wannan naɗin ne ka gani. Wasu kuma su ɗebo abinci daga jini su miƙa mata. Wasu shara ce aikinsu, su kwashe abin da ya mutu. Da can masana sun ɗauka danƙo ne kawai da ke riƙe jijiyoyi kada su watse, sunan ma daga nan ya fito. An daɗe ba a kula su ba."

Na ce, "To mi ya kashe ƙafar kakarki a wancan karon?"

"Ban nan, ban iya rantsuwa. Amma akwai wani sinadari da jijiya da masu yi mata hidima ba su iya aiki sai da shi. Yana cikin dussa, yana cikin hanta da wake. Anzar da ta kwana cikin ruwa ana zubarwa, mi ya rage mata? Ga shayarwa. Kuma jijiya mafi tsawo ke fara mutuwa, daga can ƙarshe. Shi ya sa daga yatsun ƙafa yake farawa."

Na dubi Hajo. Tana gyara ɗaurin kallabinta, kamar ba da ita ake ba.

Na ce wa Rakiya, "To ya aka yi ta tashi?"

"Nan ne abin ke ba ni sha'awa. In jijiyar ƙafa ta mutu daga ƙarshe, masu naɗin ba su watsewa. Su share mataccen, su jeru a layi, su riƙe hanyar a buɗe. In abinci ya dawo, jijiya ta sake tsirowa ta bi ta tsakaninsu. A hankali, da ƙyar ta fi gashin kai sauri. Shi ya sa ta kai sanyi kafin ta je rijiya."

"Kenan ba Doguwa ba ce," in ji Sani, ransa ya yi daɗi.

"Ni dai abin da na sani," in ji Hajo, "Kulu ma yunwa take ji. Ta ci cinyarta ta ƙara shekara goma a duniya."

Na tambayi Rakiya mi ya haɗa wannan da fara. Ta ce fara ma tana da su. Har tana, tsutsar nan ta cikin taɓo, ita ma tana da su. Ta ce dabbobin da suka fara samun jijiya a duniya wasu ne na cikin teku, marasa kai, jijiyoyinsu a warwatse cikin jiki kamar taru, kuma irinsu da suka rage har yau da ƙyar ake ganin alamar masu hidimar nan a jikinsu. Sai inda jijiyoyi suka taru wuri guda suka zama kai da igiyar baya, a nan ake samun su da yawa, kowane da aikinsa. Naɗin kitse mai kauri irin namu kuwa daga baya ya zo, tare da kifaye. Abin da masana ba su daidaita a kai ba shi ne ko sau ɗaya suka samo asali duka dabbobi suka gada, ko kowace zuriya ta samo nata dabam da buƙata ta kama. Wannan take nema a cikin fara.

"Allah ya halicci kowane abu yadda yake," in ji Sani.

"Baba, ban ce wani ya yi ba. Sawu nike bi."

Ni ban shiga tsakaninsu ba. Na tuna dai yadda ake ba da labarin kafa garuruwanmu na Arewa. Maharbi shi kaɗai a daji ba ya buƙatar kowa, ya sha a tafki ya gasa abin da ya harbo. Ranar da bukkoki suka taru sai an sami mai jan ruwa da mai daka. Kuma in ana ba da tarihin gari, sunan maharbin ake faɗi.

Na ce, "To wanga karon fa? Su jeru su riƙe hanya?"

Rakiya ta daina murmushi. "Wannan ba irin wancan ba ne, Tsoho. Ta tsufa, suga kuma ba baƙo ba ne da zai tafi da kaka. Abin da ya mutu da wuya ya dawo. Wanda ya rage za a tsare. Ƙafar ba ta iya kawo ƙara yanzu, sai wani ya je ya duba."

Muka koma gida. Rakiya ta yi ta wankin ciwon har hutunta ya ƙare. Ranar da za ta tafi na kasa tsaye na kasa zaune. Idon Hajo ya yi hazo, bayanta ba ya lanƙwasuwa ta ga tafin ƙafarta. Inna da Arzika sun daɗe a ƙasa, 'yarmu ta fari na aure a Tibiri, matan maƙwabta kowa na gonarta. Ina cikin lissafin wa za a roƙa, sai yarinyar nan ta fito da jakarta a kafaɗa, da ƙaramar roba da sabulu da tsumma mai tsabta, ta dire su a gabana.

"Ni?"

"Kai ne ba ka da aiki sai kallon hadari."

"Ke, ɗebe kayanki," in ji Hajo daga ɗaki. "Mutumen da ya aro jaki?"

Ashe ba ta manta ba. Ba ta taɓa faɗi ba sai ranar.

Da la'asar, da sauran haske, na shimfiɗa tabarma a bayan rumbu inda mai wucewa ba ya hangowa. Ta zo tana jan ƙafa, ta zauna, ta kawar da kai wajen darni, ta miƙo. Na ɗora ƙafar a cinyata. Duk shekarun aurenmu ban taɓa riƙe ta da rana ina kallo ba. Ba ta da nauyi. Dunduniya ta tsattsage, tafin cike da ƙananan tabo baƙaƙe, na san na mene ne. Na kwance ƙyallen a hankali. Bakin ciwon ja ne, ya fara haɗewa. Babu baƙi. Na wanke, na tsane. Na karyo tsinken tsintsiya kamar yadda Rakiya ta koya mini, na taɓa babban yatsa.

"Kin jiya?"

"A'a."

Na taɓa tsakiyar tafi. "Nan fa?"

"A'a."

Na hau zuwa idon sawu.

"Hajo, nan fa?"

"Tsinken ban sani ba. Hannunka dai kamar bawon gawo."

Iska ta taso daga gabas, mai sanyi, da ƙamshin ƙasa a cikinta. Na ji mata a maƙwabta na kiran yara su kwashe shanya, na ji ganyen kaba na kaɗawa. Ban ɗaga kai ba, saura tsakanin yatsu. Daga turke tumakinmu suka fara kuka, lokacinsu ya yi.

"Ka yi sauri," ta ce. "Tumaki na jiran dussa."

"Su jira," na ce. "Miƙo gudar."